Saƙon Waya Don Barin Sigari: Shin Kwalliya Za Ta Biya Kuɗin Sabulu?

Daga Madabo, cikin Birnin Kano

Maganar hukuncin taba tsohuwar magana ce a wajen malamanmu. Tun farkon ƙarni na 17, lokacin da wannan ganye ya fara yaɗuwa a ƙasashen Musulmi, malaman Malikiyya suke ta kai-komo a kansa. Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda ya rasu a 1627, yana cikin waɗanda suka sassauta, wasu malaman kuma suka tsananta. A wancan lokaci babu wanda ya san abin da hayaƙin yake yi wa huhu. Sai a 1950 ne wasu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka fito da hujjar da ta haɗa shan sigari da ciwon dajin huhu. Yau kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa taba tana kashe mutane fiye da miliyan 7 duk shekara, kuma tana iya halaka rabin waɗanda suka dawwama a kanta. Saboda haka maganar cutarwarta ta ƙare, babu mai jayayya sai mai son zuciya.

Abin da bai ƙare ba shi ne wannan tambaya: ɗan uwanmu da ya ji wa'azi, ya yarda, ya ce yana son ya bari, me muka tanadar masa? A nan Madabo, unguwar da aka santa da karatun fiƙihu tun zamanin Wangarawa, ba a rasa mai gaya wa mashayi cewa abin da yake yi ɓarna ce da almubazzaranci. Amma da zarar an tashi daga karatu, kowa ya kama gabansa, sai a bar shi daga shi sai kwaɗayinsa da mai tiredan bakin layi. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2012 a kan manya masu amfani da taba ya nuna cewa akwai masu shan sigari kimanin miliyan 3.1, kuma kusan rabinsu sun yi yunƙurin bari a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Ashe ke nan niyya ba ita ce ta yi ƙaranci ba. Mataimaki ne babu.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: cikin duk hanyoyin da masana suka gwada don taimakon mai son barin sigari, saƙon wayar hannu shi ne wanda ya fi dacewa da aljihun talaka, kuma kuɗin da za a yi shi da su suna nan, an riga an karɓe su daga hannun mashayan kansu. Bari mu bi abin daki-daki, kada a ce magana ce ta fatar baki.

ABIN DA AKA GWADA AKA GANI

A 2011 aka buga sakamakon wani gwaji da masana na makarantar nazarin lafiya da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan suka yi, wanda suka sa wa suna txt2stop. Sun ɗauki mashaya 5,800 waɗanda suka ce suna son bari, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida na farko ana aika musu saƙon tes na ƙarfafa gwiwa da dabarun jure kwaɗayi, guda biyar a rana har mako biyar, daga nan guda uku a mako har mako 26. Idan kwaɗayi ya taso wa mutum, sai ya aika kalma ɗaya, nan take amsa ta zo masa. Idan ya zame ya sha, ya aika wata kalmar, a ba shi haƙuri a nuna masa yadda zai miƙe. Gida na biyu kuwa ba a aika musu komai sai 'yan saƙonnin godiya da ba su shafi barin sigari ba.

Bayan wata shida ba a tsaya a kan maganar bakinsu ba, sai da aka gwada yawunsu ko numfashinsu don a tabbatar. Cikin waɗanda suka samu saƙon taimako, kashi 10.7 cikin 100 sun bari. Cikin ɗaya gidan, kashi 4.9 ne kawai. Wato saƙon ya ninka yawan masu bari.

Daga baya, a 2013, aka yi lissafin kuɗin. Hidimar mutum 1,000 ta ci fam 16,120, ta kuma samar da ƙarin mutum 58 da suka bari, waɗanda ba don saƙon ba da suna nan suna zuƙa. Kowane mutum ɗaya ya tashi a kan fam 278 ke nan. Da masanan suka sa kuɗin jinyar da gwamnatin Ingila za ta kashe nan gaba a kan waɗannan mutane in da sun ci gaba da sha, sai suka ga shirin ya mayar da kuɗinsa har da rara.

Mai karatu zai iya cewa, ai wannan Ingila ce, ina ruwan biri da gada? To mu duba Indiya. A watan Janairun 2016 gwamnatinta ta buɗe irin wannan shiri tare da Hukumar Lafiya ta Duniya. Hanyar shiga kuwa ita ce abin da kowane ɗan Kano ya ƙware a kai, wato filashin: ka kira wata lamba ka katse, ba a ci maka ko kwabo ba, sai saƙo ya fara shigowa. Mutane fiye da miliyan 2 suka yi rajista. A nan kusa da mu, ƙasar Sanagal ta fara wani shiri a 2014 mai suna mRamadan, inda ake aika wa masu ciwon suga saƙonni a watan azumi kan yadda za su kula da kansu. Sannan a watan Yulin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan taimakon masu barin taba, ta kuma sa saƙon waya a cikin hanyoyin da ta amince da su, tare da shawarar ma'aikacin lafiya da magunguna.

MU YI NAMU LISSAFIN

Yanzu mu ɗauko alƙalami mu yi lissafi da nairarmu. Saƙo biyar a rana na kwana 35 ya kama 175. Saƙo uku a mako na mako 26 ya kama 78. Jimla 253. Tun bayan ƙarin kuɗin waya da aka yi a farkon 2025, saƙon tes ɗaya ya koma naira 6. Idan aka buga, mutum ɗaya zai ci naira 1,518 a cikin wata bakwai, kuma wannan a farashin ɗaiɗai ne, alhali mai sayen saƙo a sari yana samun ragi. Mutum 1,000 za su ci naira miliyan ɗaya da dubu 518. Idan aka samu irin sakamakon Ingila, kowane mutum da ya bari ya tashi a kan kimanin naira 26,000. Mu ma ƙaddara cewa namu rabin nasu za mu samu, to ya tashi a kan 52,000. Gaskiya ne akwai kuɗin masu rubuta saƙon da masu kula da na'ura, amma wannan kashewa ce ta farko, kuma gwargwadon yawan masu shiga gwargwadon sauƙinta.

Sai mu ɗora wannan a kan sikeli ɗaya da abin da mashayin yake ƙonawa. A ce naira 500 yake kashewa a rana. A shekara ya ƙona naira 182,500, kuɗin da za su sayi hatsi, su biya kuɗin Islamiyyar yara, su ɗinka kayan sallah. Wannan tun kafin ciwo ya zo ke nan. Idan kuwa ya zo, a nan ne bambancinmu da Ingila yake fitowa fili. Su can gwamnati ce take biyan jinya, don haka ita ce take cin ribar bari. Mu nan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun jama'a suke fitowa kai tsaye. Duk wanda ya taɓa zaman jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ko mai ciwon daji ya san yadda ake sayar da fili, a sayar da keken ɗinki, a sayar da 'yan kunnen uwar gida, a ƙarshe kuma a bi masallatai da takardar asibiti ana neman taimako. Saboda haka ribar barin sigari a ƙasarmu gidan talaka take shiga kafin ta shiga baitulmali.

Akwai kuma ribar da ba a lissafa ta da naira. Likitoci sun tabbatar da cewa cikin awa 12 da barin sigari, gubar hayaƙin da take cikin jini tana komawa daidai. Bayan shekara ɗaya, haɗarin ciwon zuciya yana raguwa da kusan rabi. Binciken da aka shafe shekara 50 ana yi a kan likitocin Ingila ya nuna cewa, a bisa ƙiyasi, wanda ya bari yana ɗan shekara 30 yana tsira da kusan shekara 10 na rayuwa da sigari kan cinye, mai shekara 40 da kusan 9, mai 50 da kusan 6. Ajali na hannun Allah, babu shakka, amma riƙo da sababi umarni ne. Kada kuma mu manta da matar da take kwana ɗaki ɗaya da mashayi da jaririn da ke shaƙar hayaƙin da bai saya ba.

WA ZAI BIYA?

Hausawa suka ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tun 1959 aka kafa masana'antar sigari a Zariya. A 2001 gwamnatin Obasanjo ta rattaba hannu da kamfanin British American Tobacco kan zuba jarin dala miliyan 150, aka buɗe katafariyar masana'anta a Ibadan a 2003, ana tafi ana cewa an kawo ci gaba. Ita wannan ƙasar ce kuma ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, wadda sashe na 14 nata ya ɗora wa gwamnatoci nauyin taimakon masu son bari. A 2007 jihar Kano tana cikin jihohin da suka maka kamfanonin sigari a kotu suna neman diyyar kuɗin jinya. A 2015 aka sa hannu a kan dokar taƙaita taba ta ƙasa, wadda ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma tanadi asusu na musamman don wannan aiki. A 2018 aka ɗora harajin naira ɗaya a kan kowane kara, aka ci gaba da ƙarawa a shekarun da suka biyo. Sannan a watan Disambar 2023 hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye ta sanar da cewa ta ci kamfanin British American Tobacco tarar dala miliyan 110.

To ya kai ɗan uwa mai karatu, riƙe wannan adadi da kyau. Idan aka ɗauki dukkan mashaya miliyan 3.1 da aka ƙidaya a 2012, aka yi wa kowannensu hidimar naira 1,518, abin da za a kashe bai kai naira biliyan 5 ba. Tarar nan guda ɗaya, ko da a kan naira 1,000 aka canza kowace dala, ta kai naira biliyan 110. Wato za ta biya kuɗin saƙon sau fiye da ashirin. Ina kuma ga harajin da ake karɓa kullum safiya daga kowane kwali? Maganar babu kuɗi ba ta taso ba.

Maganar babu hanya ma ba ta taso ba. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, mahukunta sun nuna cewa in sun ga dama sun san lambar kowa. A 2012 ta waya aka riƙa sanar da manoma rabon takin zamani. A 2020, lokacin annobar korona, babu wanda bai sha saƙon wanke hannu ba. Idan zaɓe ya ƙarato kuwa, sai wayarka ta cika da gaisuwar 'yan takarar da ba su san ko ka karya ba. Mai karatu ya buɗe wayarsa ya ƙirga saƙonnin caca da na tallan waƙe-waƙe da na bashin kati da suka shigo masa a wannan makon, sannan ya ƙirga waɗanda suka zo da Hausa suna cewa in kana son barin sigari ga mai taimakonka. Amsar tana hannunsa.

INDA GIZO KE SAƘA

Adalci ne mu faɗi rauninsa, domin wanda ya ɓoye aibin hajarsa ba ɗan kasuwar kirki ba ne. Na farko, ko a gwajin Ingila, cikin kowane mutum goma da suka samu saƙon, kusan tara ba su bari ba. Nikotin ɗin da ke cikin taba yana kama ƙwaƙwalwa kamun gaske, kuma mafi yawan waɗanda suka rabu da ita sai da suka faɗi suka tashi sau da yawa. Wanda ya yi nisa yana bukatar ganin likita, wataƙila har da magani. Amma a lura, darajar shirin tana cikin arharsa da yawan waɗanda yake kaiwa gare su. Likita ɗaya ba zai iya bin mutum dubu har gida sau biyar a rana ba, waya kuwa tana iyawa, kuma tana aljihun mutum a daidai lokacin da kwaɗayin yake tasowa: bayan cin abinci, a teburin mai shayi, ko da tsakar dare in barci ya ƙi zuwa.

Na biyu, harshe. Idan aka kwaso saƙonnin Turawa aka juya su da Hausar ofis, an yi asarar kuɗi. Da yawa daga dattawanmu da almajiranmu ajami suke karantawa, wasu kuma ƙaramar waya mai tocila ce a hannunsu, ba su da intanet. Dole a haɗa da saƙon murya da kira na kyauta, da muryar da mutum zai ji ya san ɗan garinsu ne yake magana, wanda ya san mene ne zaman majalisa da kunyar ƙin karɓar karan da aboki ya miƙo.

Na uku, amana. Saurayi da yawa iyayensa ba su san yana sha ba, magidanci da yawa yana ɓoye wa surukansa. Abin da zai sa irin waɗannan su shiga shi ne sirri, domin wanda ba zai iya zuwa asibiti ya ce ni mashayi ne ba, zai iya yin filashin. Ranar da lambobin mutane suka faɗa hannun 'yan talla ko 'yan siyasa, ranar shirin ya mutu.

Na huɗu, cutar da ta fi sigari kashe ayyuka a ƙasar nan, wato kwangila. Aikin naira biliyan 5 yana iya komawa na biliyan 50, a yi bikin buɗewa a otal, a raba riguna da huluna, bayan wata uku lambar ta daina shiga. Arhar da muke magana a kai tana tabbata ne kawai idan an bayyana wa jama'a nawa aka kashe, mutum nawa suka shiga, nawa suka bari bayan wata shida.

Na biyar, saƙo ba zai maye gurbin doka ba. Muddin yaro zai iya miƙa 'yan canjinsa a ba shi kara ɗaya a bakin makaranta, alhali dokar 2015 ta hana, to muna kwashe ruwa ne a ƙasa rufin yana yoyo.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Kiranmu ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da ta jihar Kano shi ne su ware wani kaso sananne daga harajin sigari su kafa wannan shiri da Hausa da sauran harsuna, kyauta ga mai shiga, su sa jami'o'inmu da asibitocin koyarwa su auna sakamakonsa a nan gida. Kamfanonin waya, waɗanda suke kwasar dukiya daga katin talakawa, su ɗauki nauyin saƙon. Kamfanonin sigari kuwa a karɓi haraji da tara daga gare su, amma kada a bar su su kusanci shirin, domin ba a ba kura ajiyar nama.

Sai dai 'yan uwa, wanda ya zauna jiran mahukunta zai daɗe bai tashi ba. Abin da ake bukata don farawa yana hannunmu. Kowane masallaci da kowace makarantar dare a Madabo da maƙwabtanta suna da matasa masu waya. Mutum biyar masu riƙon amana, tare da ma'aikacin lafiya ɗaya na unguwa da zai duba abin da ake rubutawa, sun isa su ɗauki mutum ashirin masu son bari. A sa wa kowa ranar da zai daina, a fara tuna masa tun saura mako guda, a ce ya fitar da ashana da ragowar kwali daga ɗaki, ya gaya wa mutum ɗaya da yake jin nauyinsa. A sanar da shi cewa kwaɗayin yakan taso ne ya lafa cikin 'yan mintuna, ya sha ruwa, ya yi asuwaki, ya tashi daga wurin. A bisa lissafin da muka yi, hidimar mutum ashirin ba ta wuce naira 31,000 ba, abin da ake iya tarawa a Juma'a ɗaya.

Lokacin da ya fi dacewa a fara kuwa shi ne watan azumi. Mashayin da yake cewa ba zai iya awa biyu ba, ga shi yana yin kimanin awa 13 kullum har wata guda. Inda yake faɗuwa shi ne bayan shan ruwa, kuma a daidai wannan lokaci ne saƙo ɗaya daga ɗan uwa zai fi amfani.

Sharaɗi guda ne: saƙon ya zama na tausayi. Wanda ya zame ya sha, kada a yi masa gori, kada a kai maganarsa majalisa. A ce masa ya tashi ya sake ɗaura niyya. Tsangwama ta shekara da shekaru ba ta raba mutanenmu da sigari ba, sai dai ta koya musu ɓuya a lungu da tauna cingam kafin shiga sahu. Mu jarraba tunatarwa mai taushi, wadda ake maimaitawa safe da yamma kamar yadda ake bitar karatu a zaurukan unguwar nan, mu rubuta abin da muka kashe da abin da muka samu, mu kai wa mahukunta hujja a hannu.

Allah Ya yaye wa 'yan uwanmu wannan jarraba, Ya ba mu ikon taimakon juna a kan alheri, Ya tsare zuriyarmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.